ANNE FRANK: ƊALIBAR DA TA YI KARATU A MAƁOYA

Idan ana ba da tarihin mutanen da suka shahara a duniya, yawanci sarakuna akan ambata, ko jarumawan yaƙi, ko masana da suka tsufa cikin bincike. Wadda za mu ba da labarinta a nan ba ta cikin waɗannan. Yarinya ce 'yar makaranta, sa'ar ɗalibanmu na aji biyu zuwa aji huɗu. Ba ta cika shekara 16 a duniya ba, ba ta kai ga jarrabawar fita ba. Duk da haka littafin da ta rubuta an juya shi cikin harsuna fiye da 70, kuma miliyoyin mutane sun karanta shi. Sunanta Anne Frank. Ya kamata kowane ɗalibi ya san labarinta, domin ta nuna cewa bege ba zaman jira ba ne, aiki ne da mutum yake tashi ya yi kowace safiya ko da bai san abin da gobe za ta haifar ba.

ASALINTA

An haifi Anne ran 12 ga watan Yuni, 1929, a birnin Frankfurt na ƙasar Jamus. Mahaifinta Otto Frank ɗan kasuwa ne, mahaifiyarta kuwa sunanta Edith. Tana da ya guda ɗaya, Margot, wadda ta girme ta da shekara uku. Su Yahudawa ne, amma kakanninsu sun daɗe da zama a Jamus, kuma Jamusanci suke yi a gida. Otto ma ya yi soja a rundunar Jamus lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, har ya zama hafsa.

A watan Janairu na 1933 Adolf Hitila da jam'iyyarsa ta Nazi suka hau mulki. Jamus tana cikin talauci da rashin aikin yi a lokacin, sai Hitila ya ɗora laifin duka a kan Yahudawa. Aka fara korarsu daga aikin gwamnati, ana hana mutane ciniki a kantunansu. Otto ya ga hadarin da ke haɗuwa, ya ƙaura zuwa Amsterdam, babban birnin ƙasar Holan, maƙwabciyar Jamus ta yamma. A can ya buɗe kamfani mai suna Opekta, mai sayar da wani gari da mata ke daskarar da ruwan 'ya'yan itace da shi don shafa wa burodi. Iyalinsa suka bi shi, Anne ce ta iso daga ƙarshe a watan Fabrairu na 1934, tana da shekara huɗu.

A Holan ta koyi harshen ƙasar, ta shiga makaranta, ta yi ƙawaye da yawa. Margot mai shiru ce, ga ƙoƙari a aji. Anne kuwa ga surutu, ga ban dariya, ga tambaya. Malaminsu na lissafi ya gaji da surutunta, har sau uku yana ba ta horon rubuta insha'i a kan yawan magana. Na ukun sai ta tsara shi da waƙa, ta ba da labarin wasu 'yan agwagi da ubansu ya hallaka saboda yawan kukansu. Malamin ya gane da shi take, ya yi dariya, ya karanta wa ajin, daga nan ya ƙyale ta.

YAƘI YA ISO HOLAN

Ran 10 ga Mayu, 1940, sojojin Jamus suka auka wa Holan, cikin kwana biyar ƙasar ta miƙa wuya. Wannan shi ne yaƙin da tsofaffinmu suke kira yaƙin Hitila, wanda aka ɗebi samarin ƙasarmu zuwa Habasha da Bama dominsa. Abin da Otto ya guje wa ya tarar da shi. Ya nemi izinin shiga Amurka da iyalinsa, bai samu ba.

'Yan Nazi ba su fara da kisa ba. Da dokoki suka fara, ɗaya bayan ɗaya. Aka ce kowane Bayahude ya je a rubuta sunansa. A 1941 aka fitar da 'ya'yansu daga makarantun kowa da kowa, aka tara su a nasu dabam, Anne da Margot suna ciki. A watan Mayu na 1942 aka tilasta musu ɗinka tauraro mai ruwan ɗorawa a ƙirjin riga domin a gane su daga nesa. Aka karɓe kekunansu, aka hana su shiga motar haya da gidan silima da wurin iyo. Ba su da izinin sayayya sai daga ƙarfe uku zuwa biyar na yamma, ba sa fita bayan ƙarfe takwas na dare. Ta haka aka raba su da maƙwabtansu sannu a hankali, har ya zama idan aka zo kama su mutane da yawa sai su kau da kai.

Ana cikin haka, ran 12 ga Yuni, 1942, Anne ta cika shekara 13. Cikin kyautar da aka ba ta akwai wani ɗan littafi mai bango ja da fari. Ta mai da shi wurin rubuta al'amuranta na yau da kullum. Da yake tana ganin ba ta da aminiyar da za ta buɗe wa cikinta duka, sai ta ƙago wata a ranta, ta sa mata suna Kitty, ta riƙa rubuta mata wasiƙu.

SHIGA MAƁOYA

Ran 5 ga Yuli, 1942, takarda ta iso gidan cewa ana neman Margot, mai shekara 16, ta tafi aikin tilas a Jamus. Iyayen sun san wanda ya tafi da wuya ya dawo. Dama Otto ya daɗe yana shirya wurin ɓuya a asirce. Washegari da sassafe, ana ruwan sama, suka fita. Da yake Bayahude mai ɗauke da akwati abin tuhuma ne, sai kowa ya jibga tufafi riɓi riɓi a jikinsa. Suka bar gidan a hargitse domin a zaci sun gudu ƙasar waje.

Maɓoyar tana bayan ofishin Otto ne, gida mai lamba 263 a titin Prinsengracht: 'yan ƙananan ɗakuna a saman bene, da wani ɗaki can ƙarƙashin rufi. Daga baya aka kafa kantar littattafai mai juyawa a bakin ƙofar, yadda baƙo ba zai san akwai hanya a wurin ba. Bayan mako guda Hermann van Pels, abokin aikin Otto, ya zo da matarsa Auguste da ɗansu Peter. A watan Nuwamba aka ƙara da wani likitan haƙori, Fritz Pfeffer. Suka zama mutum takwas.

Mutum takwas ba za su rayu a ɓoye ba sai da mai kai musu abinci. Ma'aikatan ofishin ne suka ɗauki wannan kaya: Miep Gies da mijinta Jan, da Victor Kugler, da Johannes Kleiman, da Bep Voskuijl da mahaifinta Johan, wanda shi ne ya ƙera kantar nan. Ba Yahudawa ba ne, ba wanda ya tilasta musu, kuma sun san hukuncin mai ɓoye Bayahude kurkuku ne ko mutuwa. Fiye da shekara biyu suna neman katin rabon abinci ta bayan fage, suna hawa bene da kayan lambu da magani da labarin gari. Kowace Asabar Miep takan kawo littattafai daga laburare.

Zaman wurin ba sauƙi. A ƙasan benen akwai ma'aikatan sito waɗanda ba su san da su ba. Daga ƙarfe takwas da rabi na safe ba mai taka ƙasa da ƙarfi, ba mai sakin ruwa, ba mai magana sai da raɗa. Labule a rufe kullum. Abinci yakan zama wake da dankali yau da gobe, wani lokaci ruɓaɓɓe. Da dare jiragen yaƙi suna wucewa, bindigogi suna tashi, Anne takan ruga gadon mahaifinta don tsoro. Ɓarayi sun fasa siton fiye da sau ɗaya. A watan Afrilu na 1944 'yan sanda sun biyo sawun ɓarayi har suka jijjiga kantar littattafan, mutum takwas suna zaune cikin duhu ba mai motsi. Haka suka yi kwana 761, Anne ba ta taka waje ko sau ɗaya ba. Abin da take gani na duniya shi ne sararin sama da wani babban itace ta tagar ɗakin sama, abin da take ji kuwa ƙararrawar majami'ar da ke kusa.

MAKARANTA BA ALLO

A nan ne labarin ya fi shafar ɗalibi. Ba ƙararrawar shiga aji, ba jarrabawa, ba shugaban makaranta mai duba wanda ya makara. Duk da haka yaran nan uku ba su ajiye karatu ba. Otto ya zama malaminsu. Anne ta riƙa koyon Faransanci da Ingilishi da tarihi da labarin ƙasa. Tana son tatsuniyoyin Girkawa da Romawa, tana zana salsalar gidajen sarautar Turai. Ba ta ƙaunar aljabara ko kaɗan, amma mahaifinta bai ɗaga mata ƙafa ba. Sun koyi gajeren rubutu irin na sakatarori ta hanyar darussan da ake aikowa ta gidan waya da sunan Bep. Margot ma ta yi Latin ta haka. A 1943 Otto ya roƙi Kleiman ya samo wa Anne Littafi Mai Tsarki na yara domin ta san wani abu game da Sabon Alkawari. Tana da wani littafi dabam inda take kwafe jimlolin da suka burge ta cikin karatunta, ta kuma rubuta gajerun labarai na kanta.

Ɗaki ɗaya take kwana da likitan haƙorin nan, kuma ɗan tebur ɗaya ne a ciki. Ta roƙe shi ya bar mata teburin da yamma sau biyu a mako, ya ƙi, domin a ganinsa aikin yarinya wasa ne. Ba ta haƙura ba, ta kai ƙara wurin mahaifinta, har aka ba ta. Dubi abin da take faɗa a kansa, mai karatu. Wurin zama ne ta yi karatu.

Me ya sa take wannan wahala? Domin ta sa a ranta za ta koma makaranta, ba ta kuma so a mai da ita baya. Tana so ta zama 'yar jarida, daga baya marubuciya. Ba wai ba ta san halin da ake ciki ba ne. Tun watan Oktoba na 1942 ta rubuta cewa rediyon Ingila yana ba da labarin ana kashe Yahudawa da iskar guba. Ta leƙa ta labule ta ga ana tafiya da mutane cikin dare. Takan tuna da ƙawarta Hanneli da aka kama, ta ji nauyin cewa ita tana kwance a gado ƙawarta tana wahala, ta yi mata addu'a.

Kada a ɗauka yarinya ce marar aibi. Tana da kaifin baki. Ta yi ta saɓani da mahaifiyarta, ta rubuta maganganu masu zafi a kanta da kan sauran manya. Amma tana da wani hali mai wuyar samu ko ga manya, wato binciken kai. A farkon 1944 ta koma ta karanta abin da ta rubuta a baya, ta ji kunyar zafin kalmominta, ta yi ƙoƙarin fahimtar abin da ke damun uwar. A wannan shekara kuma ta shaƙu da Peter, suna zama a ɗakin sama suna hira a kan iyaye da tsoro da abin da za su zama.

Ran 28 ga Maris, 1944, suka ji wani ministan Holan, Gerrit Bolkestein, yana magana ta rediyo daga Landan. Ya nemi mutane su adana wasiƙu da rubuce-rubucensu na lokacin yaƙi domin a tara su bayan an sami 'yanci. Wannan ya shiga ran Anne. A watan Mayu ta fara sake rubuta littafinta tun daga farko, tana gyara, tana ragewa, tana ƙarawa. Cikin wata biyu da rabi ta cika falle fiye da 200. Ba malamin da ya ba ta wannan aiki, ba kuma mai ba ta maki.

Ran 6 ga Yuni sojojin Ingila da Amurka da abokansu suka sauka a gaɓar Faransa. Murna ta cika maɓoya. Otto ya manna taswira a bango yana soka allura a duk garin da aka ƙwato. A tsakiyar Yuli Anne ta rubuta tunaninta da aka fi sani. Ta yarda cewa duniya tana lalacewa a gaban idonta, kuma hallakar tana iya kai wa gare su. Ta yarda yana da wuya matashi ya riƙe aƙidarsa a irin wannan zamani. Amma ta ƙi sakin nata, ta tsaya a kan cewa akwai nagarta a can cikin zuciyar mutum, kuma zaluncin zai ƙare wata rana. Rubutunta na ƙarshe ran 1 ga Agusta ne.

KAMU DA MUTUWA

Ran Jumma'a 4 ga Agusta, 1944, da safe, wani jami'in tsaron Jamus mai suna Karl Silberbauer ya zo da 'yan sandan Holan. Suka buɗe kantar, suka kama duka takwas, tare da Kugler da Kleiman. Jami'in yana neman abin da zai zuba kuɗi da kayan ado, sai ya ɗauki jakar da Anne ke ajiye takardunta ya zazzage su a ƙasa. Bayan sun tafi, Miep da Bep suka hau suka tsince su. Miep ta sa su a aljihun teburinta ba ta karanta ba, tana jiran mai su ta dawo.

Aka kai su sansanin Westerbork a arewacin Holan. Ran 3 ga Satumba aka loda su cikin taragon dabbobi, mutum 1,019 a jirgin, kwana uku suna tafiya zuwa sansanin gwale-gwale na Auschwitz a ƙasar Polan. Shi ne jirgi na ƙarshe da ya tashi daga Westerbork zuwa can. A bakin jirgi aka raba maza da mata, Anne ba ta ƙara ganin mahaifinta ba. Yawancin yaran da ba su kai shekara 15 ba a ranar aka kashe su. Ita ta cika 15 wata uku kafin nan, aka ware ta cikin masu aikin tilas, aka aske kanta, aka buga mata lamba a hannu.

Wajen farkon Nuwamba aka raba 'yan matan biyu da uwarsu, aka kai su sansanin Bergen-Belsen a Jamus. Edith ta rasu a Auschwitz ran 6 ga Janairu, 1945. A Bergen-Belsen ba abinci, ga sanyi, ga cunkoso. A nan Anne ta ji muryar Hanneli, ƙawar nan da ta yi wa addu'a, ta bayan shingen da ya raba su. Hanneli ta haɗa ɗan abinci ta jefa mata. Wata mata da yunwa ta gigita ta fizge ƙullin farko, na biyun ne ya shiga hannun Anne. Sai annobar taifus, zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa, ta mamaye sansanin. Margot ta fara rasuwa, Anne ta bi ta ba da daɗewa ba, a farkon 1945. Sojojin Ingila suka iso sansanin ran 15 ga Afrilu, sun makara da 'yan makonni.

Cikin mutum takwas ɗin Otto kaɗai ya tsira. Yahudawan da ke Holan kafin yaƙi sun kai 140,000, an kashe wajen 102,000. A Turai duka an hallaka kimanin miliyan 6, cikinsu yara kusan miliyan ɗaya da rabi.

LITTAFIN YA FITO

Sojojin Rasha suka 'yantar da Auschwitz ran 27 ga Janairu, 1945. Otto ya iso Amsterdam a watan Yuni, yana cigiyar 'ya'yansa wurin duk wanda ya dawo. A watan Yuli ya sami tabbacin sun mutu. A sa'an nan ne Miep ta buɗe aljihun tebur ta miƙa masa takardun. Da ya karanta, ya tarar da 'yar da bai san zurfin tunaninta ba ko da yake sun yi shekara biyu a ƙuntataccen wuri ɗaya. Wannan abin lura ne ga iyaye da malamai.

An buga littafin da harshen Holan a watan Yuni na 1947, aka juya shi zuwa Ingilishi a 1952. A 1960 aka mai da gidan wurin tarihi, inda aka adana taswirar Otto da zanen da ya yi a bango yana auna tsawon 'ya'yansa, wanda ya nuna Anne ta ƙaru da santimita 13 a maɓoya. Masu musun kisan Yahudawa sun yi ta cewa littafin ƙage ne. Bayan rasuwar Otto a 1980 masanan gwamnatin Holan suka binciki takarda da tawada da rubutun hannu, suka tabbatar nata ne, aka buga sakamakon a 1986. Nelson Mandela ya shaida cewa sun karanta littafin a kurkukun tsibirin Robben, ya ƙarfafa su. Miep Gies ta rasu a 2010 tana da shekara 100, kuma har ƙarshen ranta ba ta yarda a kira ta jaruma ba.

DARASI A GARE MU

Wani zai ce, ina amfanin begen da bai ceci mai shi ba? Tambaya ce mai nauyi, kada mu yi saurin share ta. Anne ba ta koma makaranta ba, ba ta ga littafinta a buge ba. Littafi Mai Tsarki ma bai yi mana alkawari cewa mai adalci ba zai sha wuya ba. Amma 'yan Nazi sun so su mai da ita lamba kawai, ita kuwa kowace ranar da ta buɗe littafin Faransanci ko ta gyara jimla tana ƙin yarda da haka. Ɗalibin da kuɗin makaranta ya gagari iyayensa, ko wanda ya faɗi jarrabawa, ko wadda aka ce mata karatun mace ɓata lokaci ne, bari ya tuna da yarinyar da ta yi faɗa a kan tebur. Ba mu da iko a kan gobe, amma aikin yau yana hannunmu.

Na biyu, mu lura da yadda mugunta ta fara. Kafin taragon dabbobi akwai tauraro a riga, kafin tauraro akwai maganar cewa waɗancan mutane su ne sanadin wahalarmu. Duk inda aka fara kiran wata kabila ko wani addini da sunan raini, a aji ne ko a ɗakin kwana ko a kasuwa, an shuka iri ɗaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na uku, mu tuna da mutum shida na ofishin nan. Da ba su ba, da ba kwana 761, da ba littafi. Sun bi sawun Obadiya, wakilin gidan sarki Ahab, wanda ya ɓoye annabawa 100 cikin kogo yana ciyar da su. Gaskiya ce mai ɗaci cewa masu zuwa sujada da yawa a Turai sun yi shiru a kwanakin nan. Amma akwai irin iyalin Corrie ten Boom na garin Haarlem, waɗanda suka ɓoye Yahudawa saboda bangaskiyarsu, har mahaifinta da 'yar'uwarta suka mutu a tsare. Ubangiji Yesu ya koya mana ta misalin Basamariye cewa maƙwabci shi ne duk wanda muka tarar cikin bukata, ko daga ina ya fito. Tambayar da ta rage wa kowannenmu ita ce, idan aka ƙwanƙwasa ƙofarmu a irin wannan rana, za mu buɗe?

Allah ya ba ɗalibanmu naciya a karatu, ya ba mu duka zuciyar da ba ta kau da kai daga wahalar maƙwabci. Amin.